Zahran Mai Hon da Kifin Moidu

Akwai wani dillalin motoci a nan garinmu Sinaw, cikin ƙasar Oman, sunansa Zahran ɗan Hilal. Idan ka shiga kasuwa ka ce Zahran kake nema, za a tambaye ka wanne. Amma kana cewa "mai hon", kowa zai nuna maka inda farar motarsa take tsayawa.

Halinmu ne a nan, mutum ya zo bakin gidan abinci ba zai sauko ba. Zai tsaya a titi, ya ƙure sanyin mota, ya danna hon, ma'aikaci ya fito cikin rana ya karɓi saƙo ta taga. Kowa yana yi. Sai dai mutane sukan danna su jira. Zahran kuwa idan ya ɗora hannu, sai ka rantse barci ne ya kwashe shi a kan sitiyari.

Ba mugun mutum ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Zama ne kawai Allah bai ba shi ba. Waya biyu yake riƙewa, kuma ko a zaune yake ƙafarsa tana rawa. Liman yana yin sallama shi ya riga ya kai wajen takalma. Doguwar gaisuwar nan tamu, wadda ake tambayar labari da gida da dabbobi ɗaya bayan ɗaya, shi a tafe yake yinta, yana amsawa ta bayan ƙeya.

Gidan abincin da ya fi shan hon ɗinsa shi ne na Moidu, wanda ke bayan kasuwar kifi. Moidu Ba'indiye ne, Musulmin Kerala, ya zo garin nan yana saurayi tun kafin kwalta ta iso, yanzu ga shi furfura ta gama cinye kansa. Allon sunan wurin ya koɗe tuntuni, kowa "wajen Moidu" yake cewa. Tebura ne 'yan kaɗan a gaba, sai ƙananan ɗakunan iyali a ciki masu labule, inda ake zama a ƙasa a ci a tire ɗaya.

Rabon Zahran da shiga cikin wurin tun yana yaro. Duk wanda ya fito masa, "Rafik" yake kiransa, kamar yadda marasa ta ido suke kiran kowane Ba'indiye. Zai sauke gilashi kaɗan, ya faɗi abin da yake so, ya ɗage kafin a amsa.

To, sai Allah Ya yi wa mahaifiyarsa Shamsa rasuwa.

Bayan an gama zaman makoki, Zahran ya ce mahaifinsa ba zai zauna shi kaɗai a tsohon gidan ƙasa ba. Ya ɗauko shi ya kawo sabon gidansa, ya ba shi ɗakin da ya fi kowanne. Gado mai laushi, na'urar sanyi, tebur da kujera na cin abinci. Mai aiki tana shigo masa da tire cike da ƙananan kwanuka, ga cokali ga kofin gilashi, ta ajiye ta fita.

Tiren kuma yana dawowa yadda ya shiga.

Da farko an ce baƙin cikin rashin matarsa ne, zai wuce. Bai wuce ba. Tsohon ya koma daga dabino sai gahawa. Jallabiyarsa ta fara yi masa yawa, wuyansa ya zama siriri a ƙarƙashin rawani. Zahran yakan leƙo da safe daga bakin ƙofa, waya a kunne.

"Baba, an tashi lafiya? Me kake so a sayo maka?"

"Lafiya lau, ɗana. Shigo mana."

"Ina zuwa, Baba, ana jirana."

Da abin ya yi ƙamari, ya kai shi asibiti. Duk tambayar da likita ya yi wa tsohon, Zahran ne yake amsawa don a yi sauri. Aka ɗebi jini, aka hau sikeli. Likita ya ce bai ga wata cuta ba, yunwa ce kawai take cin mutumin nan. Ya ce su dawo ranar Lahadi ta sama. Idan har lokacin bai fara ci ba, za a kwantar da shi a zura masa roba ta hanci.

A mota, Hilal ya ce, "Ba zan kwanta a gidan da Shamsa ta shiga ba ta fito ba. Idan ka kai ni can, to ka kai ni ke nan."

Zahran ya san mahaifinsa ba ya magana biyu, hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"To Baba, me za ka ci? Faɗa min ko mene ne, ko daga Maskat ne zan sa a kawo."

Tsohon ya ce, "Kai ni wajen Moidu."

Abu mai sauƙi! Zahran ya sauke shi a gida, ya figi mota, ya je ya kwanta a kan hon. Ba a jima ba ya dawo da leda cike da biriyani, shinkafar nan ta Indiyawa mai kayan ƙanshi, da soyayyen kifi da gurasa mai zafi. Aka juye a kwanuka aka kai ɗaki. Tsohon ya shaƙi ƙanshin, ya haɗiyi yawu, ya juya fuskarsa ga bango.

Washegari ya sayo kaza. Rana ta uku ya sayo nama. Har Nizwa ya tura direba ya sayo miyar wani babban otal. Kajin maƙwabta dai sun ga alheri a wannan makon.

Ranar Alhamis da hantsi, matarsa Zuwaina ta tare shi a tsakar gida yana neman makulli.

"Baban yara, tsaya ka ji."

"Zuwaina, yau kasuwa. Akwai mutumin da ya taso tun daga Buraimi don wata mota, kuma ya ce kafin La'asar zai juya."

"Baba fa? Jiya ko dabinon bai taɓa ba."

"Me kike so in yi? Babu abin da ban sayo ba!"

"Cewa ya yi ka kai shi. Ni dai ban ji ya ce ka sayo masa ba."

"Abincin ai ɗaya ne! Tukunyar da za a zuba masa a can ita ce aka zubo a leda."

Ta ce, "Shi ke nan, je ka kasuwarka. Zan kira yayana ya zo ya kai shi."

Nan ne ta taɓa shi. A ce a gari an ga surukin gida ne ya kai Hilal cin abinci, ɗansa yana raye yana ciniki? Ya yi tsaki ya duba agogo.

"Ki ce ya shirya. Ana idar da Azahar za mu je mu dawo."

Da suka isa, hannun Zahran ya tafi kan hon da kansa, sai da ya tuna ya janye. Ya fito ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa, a daidai lokacin waya ta yi ƙara. Ya ɗaga, ya yi gaba abinsa yana magana. Bai ga yadda tsohon ya sauko yana laluben jikin motar ba, bai ga yadda ya tsaya a tsakiyar rana yana juya kai ba.

Moidu ne ya gani daga bayan kanta. Ya yar da tsumman da ke hannunsa ya fito.

"Abu Zahran! Ashe kana duniya?"

Fuskar Hilal ta washe. Suka haɗa hanci yadda manyanmu suke gaisawa, suka shiga jero tambayoyi. Ina labari, babu labari sai alheri. Ya haƙuri, haƙuri sai ma'abocinsa. Moidu ya kama damtsensa kamar wasa, ya taka da shi har ciki, yana cewa, "Dakalin nan fa har yanzu ban gyara ba, ɗaga ƙafa."

A bakin ƙofa ya kalli Zahran daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Ashe kana da ƙafafu? Mu nan mun ɗauka a jikin mota aka haife ka."

Masu cin abinci a tebura suka kwashe da dariya. Zahran ya yi yaƙe.

"Rafik, sauri muke yi. Ba mu ɗaki mai sanyi."

"Sunana Moidu. Ni na ɗauke ka a kafaɗa ranar da ka ɓata a kasuwar awaki kana kuka da majina. Amma ba komai, Rafik ɗin ma suna ne."

Ya kai su ɗakin ƙarshe, wanda fankarsa take ƙara. Zahran ya ce a canza musu. Hilal ya riga ya zauna, ya jingina da bango, yana shafa tabarmar da tafin hannu.

"Nan muke zama da mahaifiyarka duk Alhamis, idan an tashi kasuwa," in ji shi. "Ita a nan, ni a nan."

"Allah Ya ji ƙanta," in ji Zahran, idonsa a kan waya. "A kawo biriyani da kaza, duk dai abin da yake a shirye."

"Kifi nake so," in ji tsohon. "Ƙananan nan."

Moidu ya ce, "Na safe ya ƙare. Amma motar teku ta iso yanzu, bari in aika a karɓo."

"A karɓo? Sannan a wanke, sannan a soya?" Zahran ya miƙe tsaye. "Baba, ga biriyani a tukunya. Kifin nan duk ƙaya ne, me za ka ci a ciki?"

"Zan jira."

"Shi zai jira," in ji Moidu. "Kai ma zauna, kujerar motarka ta huta."

Jira ya fara. Ni dai ban taɓa jin an kwatanta azaba irin yadda Zahran yake kwatanta zaman nan ba. Ya zauna, ya tashi. Ya leƙa labule, ya dawo. Aka kawo shayi mai madara, ya kurɓa ya ƙona harshe. Fanka tana ta ƙara a kansa, a waje ana ta buga kwanuka, ana kiran oda da yaren Indiyawa. Wayarsa ta dama ta yi ƙara, yana ajiyewa ta hagu ta ɗauka. Tsohon kuwa yana zaune abinsa, hannuwansa a kan gwiwa.

"Zahran."

"Na'am, Baba."

"Akwai maganar da nake so..."

Waya ta sake ɗauka. Mutumin Buraimi ne.

"Baba, riƙe maganar, yanzu zan dawo."

Ya fita ya shige mota don ya ji da kyau. Mutumin ya ce ya gaji da zama a gaban shago, akwai wani dillalin da yake ta kiransa. Zahran ya rantse masa ga shi nan a hanya. Ya kashe waya, ya kalli ƙofar gidan abincin, ya kalli agogo. Sai dabara ta zo masa: a ƙulle kifin a leda, a fito masa da Baba, a ci a gida.

Maimakon ya taka ya faɗa, sai ya danna hon.

Ba wanda ya fito. Ya sake dannawa, ya daɗe a kai. Wani ma'aikaci ya leƙo, ya gane motar, ya koma ciki. Masu wucewa da buhunan kasuwa suna juyowa suna kallonsa. Wani tsoho mai jan akuya ya ɗaga masa hannu yana tambayar ko lafiya. Zahran ya ji ransa ya kai wuya. Ya buga ƙofar mota, ya shiga a fusace, ya ratsa tebura, ya nufi ɗakin ƙarshe da niyyar ya wanke Moidu tas.

Labulen bai rufe duka ba. Yana kai hannu zai yaye, sai ya tsaya.

An kawo abincin. Tire ɗaya ne babba, shinkafa a tsakiya, kifin a gefe yana tururi, ja da yaji. Moidu ya naɗe hannun riga yana zaune a wurin da tsohon ya ce na Shamsa ne. Ya ɗauki kifi ɗaya ya tsaga, ya zare ƙashin tsakiya, ya bi naman da yatsa yana tsince ƙananan ƙayoyin. Ya cuɗa shi da 'yar shinkafa da miya, ya tura gefen tiren da ke gaban Hilal. Sannan ya ƙwanƙwasa bakin tiren da farce a daidai wurin.

Ƙwas, ƙwas.

Hannun tsohon ya bi ƙarar, ya sami lomar, ya kai baki.

Zahran ya ga mahaifinsa yana ci. Ci na gaske, irin na mai yunwa, har miya tana bin gemunsa. Ya kuma ga wani abu da ya fi wannan. Idanun tsohon a buɗe suke, suna fuskantar labulen, suna fuskantarsa shi Zahran, amma ba su gan shi ba.

"Yajin nan ya yi yawa," in ji Hilal da cikakken baki. "Ka tsufa, hannunka ya fara rawa."

"Ci ka yi shiru. Shekara nawa kana zagin yajina kana sudar yatsa?"

Ƙwas, ƙwas.

"Haka Shamsa take yi," in ji tsohon a hankali. "Ashe kana lura."

"Ina kawo muku ruwa, ina da ido. Na ga lokacin da ta fara. Ban ce komai ba tunda ku ba ku ce ba." Moidu ya ɗauki wani kifin. "Yanzu ya idon?"

"Da ina ganin mutum kamar inuwa. Yanzu inuwar ma sai da rana tsaka. A tsohon gida na san kowane bango, ba wanda zai gane. A gidan yaron nan kuwa komai santsi, komai gilashi. Ranar farko na kai hannu na kifar da miya a jikina. Jikokina suka yi dariya, yara ne, ba laifinsu. Mai aiki ta zo tana gogewa tana ajiyar zuciya. Da aka kawo kifinka a leda na gwada, ƙaya ta tsaya min a wuya, na yi ta tari ni kaɗai a ɗaki. Sai na ce Hilal, kai da ka yi fatauci har Salala a kan raƙumi, yau kai ne abin goge wa jiki? Gara yunwa."

"Wannan girman kai ne, ba wani abu ba. Ka faɗa wa ɗanka mana."

"Yaushe? Daga bakin ƙofa yake gaishe ni. Kafin in gyara murya na ji tashin mota. Ɗazu ma na fara." Ya tauna, ya haɗiye. "Kuma idan na faɗa, na san abin da zai yi. Kafin dare zai ɗauko mai jinya, ta riƙa ɗura min da cokali kamar jariri. Yaron kirki ne, Moidu, wallahi babu abin da ba zai saya min ba."

"To ai shi ke nan."

"Ka ji hon ɗin nan na ɗazu? Shi ne. A cikin motocin garin nan duka ina gane nasa. Na fi sanin muryar motarsa a kan tasa."

Zahran yana tsaye a bayan labulen, duk ya ji. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Wata guda da ɗoriya mahaifinsa yana gidansa ba ya gani, shi kuma kullum yana tsaye a ƙofa yana tambayarsa me za a sayo.

Waya ta fara rawa a aljihunsa. Ya san ko wane ne. Ya zura hannu ya kashe ta gaba ɗaya, ya kashe ta biyun.

Moidu ya ɗago ya gan shi. Bai yi mamaki ba. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya nuna masa famfon wanke hannu da haɓa.

"Abu Zahran, bari in ɗauko lemun tsami," in ji shi da ƙarfi. Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa. Da ya zo wucewa ta gefen Zahran, ya raɗa masa, "Ta wutsiya ake farawa. Kuma kada ka yi sauri, ko da yake na san wannan ba a jininka yake ba."

Zahran ya wanke hannu, ya cire takalmi, ya shiga ya zauna a wurin mahaifiyarsa.

Kifin ya ƙona masa yatsu. Ya tsaga shi, naman ya dagargaje. Ƙayoyin sirara ne kamar gashi, yana cire ɗaya yana ganin wasu. Shi da yake sayar da mota kafin shayi ya huce, sai ga shi yana gumi a kan kifin da bai kai tsawon tafin hannu ba. Da ƙyar ya haɗa loma ɗaya, ya tura gaban tsohon. Ya ɗaga farce.

Ƙwas, ƙwas.

Hilal ya ɗauka ya kai baki. Ya tauna sau biyu, ya tsaya, ya zaro ƙaya daga leɓensa.

"Kai Moidu! So kake ka kashe ni ka huta? Ka bar ƙaya."

Zahran ya sunkuyar da kai kan tiren. Ya ɗauki wani kifin, ya bi shi a hankali, ya sake bi. Ya tura, ya ƙwanƙwasa.

Wannan karon hannun tsohon bai tsaya a kan lomar ba. Ya wuce ta, ya kama hannun da ya ƙwanƙwasa. Ya shafa yatsun, ya shafa zoben azurfa, ya hau har kan agogo.

"Moidu ba ya ɗaura agogo," in ji shi.

"Ni ne, Baba."

"Tun yaushe kake nan?"

"Tun ɗazu."

"Ka ji ke nan."

"Na ji, Baba. Ka yafe min."

Tsohon bai saki hannun ba. Ya juya fuska gefe, yana jin nauyin abin da ya faɗa, Zahran kuma hawaye suna sauka a kan jallabiyarsa, ba halin gogewa saboda yaji a hannu.

A waje wata mota ta tsaya ta danna hon, dogo, irin na marasa haƙuri. Hilal ya saki hannun da sauri.

"Tashi ka je, ana jiranka. Moidu zai ƙarasa min."

"Ba ni ake kira ba, Baba. Ina nan."

"Mutumin Buraimi fa?"

"Ya san hanyar garinsu."

Tsohon ya lalubi lomar ya kai baki, ya tauna a tsanake, yana nema da harshe.

"Wannan babu ƙaya," in ji shi. "Amma ka cika shinkafa. Mahaifiyarka kifin take yawaitawa."

Moidu ya dawo da lemun tsamin da ya ɗauke shi tsawon lokacin nan. Ya tarar da tire ya yi rabi. Ya tsuguna ya matsa a kan kifin, ya ce wa Zahran, "Kai ma ci mana. Ba ya jin daɗi idan shi kaɗai yake tauna."

Suka ci su uku a tire ɗaya har aka kira La'asar. Mutumin Buraimi ya sayi motarsa a wajen wani dillalin ya tafi, bai sake ɗaga wayar Zahran ba.

Ranar Lahadi suka koma asibiti. Wannan karon Zahran ya rufe bakinsa, ya bar tsohon ya yi bayani da kansa. Likita ya fasa maganar roba, ya tura su wajen likitan ido. Ashe yanar ido ce ta rufe idanun, wadda da an faɗa da wuri da tuni an cire. Aka yi masa aiki, ido ɗaya ya buɗe sarai, ɗayan ya ɗan samu. A gida kuma aka fitar da tebur da ƙananan kwanukan nan, aka koma shimfiɗa a ƙasa ana ci tare.

Yanzu duk Alhamis bayan Azahar za ka ga farar motar a bayan kasuwar kifi, a kashe, ba kowa a ciki. Ba zan ce muku Zahran ya zama mai haƙuri ba, har yau ƙafarsa tana rawa, kuma liman yana sallama yana wajen takalma. Amma a ɗakin ƙarshe mai fanka mai ƙara, yana zama ya tsince kifi har ya ƙare.

Hilal yana ganin tiren yanzu, yana ganin kifin, har ƙayar yana gani. Duk da haka ba ya miƙa hannu sai ya ji an ƙwanƙwasa. Zahran ya san yana gani, shi ma tsohon ya san ya sani. Har yau ba wanda ya ɗaga maganar a cikinsu.

Darasi: Ba duk abin da iyayenmu suke buƙata ake sayowa a leda ba. Da yawansu ba za su taɓa buɗe baki su ce ƙarfinsu ya ƙare ba, sai wanda ya zauna kusa da su ne zai gani. Idan naka suna raye, kada ka gaishe su daga bakin ƙofa. Shiga, ka ajiye waya, ka sa hannu a kwano ɗaya da su, ka bari su gama maganar da suka fara. Ka tura wa ɗan'uwanka wannan labari, musamman wanda kullum yake cewa "ina zuwa". Waɗanda nasu suka riga mu gidan gaskiya kuma, Allah Ya ji ƙansu da rahama.